Masu Gane Baƙon Tsuntsu

A farkon watan Yulin 2007 wasu masu kamun kifi da fatsa suna zaune a bakin wani ɗan tafki a Manton, cikin lardin Linkonsha na ƙasar Ingila, sai suka ga wani ƙaton tsuntsu a kan ruwa. Cikinsa fari, bayansa baƙi, idan ya buɗe fuka-fukai faɗinsu ya kai mita 2. Babu wanda ya taɓa ganin irinsa a cikinsu. Allah ya sa ɗaya ya ɗauki hotonsa. Da hoton ya shiga hannun masana, sai ga shi albatros ne, ɗan asalin tsibiran Tristan da Cunha da ke can ƙuryar kudancin Tekun Atalantika, tsuntsun da ke ƙare rayuwarsa a kan teku, ba ya taka ƙasa sai in zai yi sheƙa. Kwanaki kaɗan kafin nan an tsince shi a galabaice a Brean, gaɓar tekun Somaset, aka yi jinyarsa kwana ɗaya aka sake shi. Daga wannan tafki ya ɓace, sai kuma aka gan shi a Malmo ta ƙasar Suwidin. Shi ne irinsa na farko da aka tabbatar da zuwansa Birtaniya.

Shekara goma kafin wannan, a watan Disamban 1997, an jawo ragar kamun kifi a Tafkin Zurik na ƙasar Suwizalan, aka tarar da wani ɗan tsuntsu matacce a ciki. Suwizalan ba ta da teku ko taku ɗaya. Da masana suka duba gawar a tsanake, sai ta tabbata tsuntsun teku ne daga gabashin Rasha, wajen Kamcatka da Tekun Okots, wanda littattafai ke kira Brachyramphus perdix, kuma ba a taɓa rubuta irinsa a Turai ba.

Duka biyun ta hannun masunta labarin ya fito. Amma waɗanda suka ce wannan wane ne, daga wuri kaza ya taso, wasu mutane ne daban, masu wata sana'a da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba, alhali muna da masu yin ta. A ƙauyukan bakin ruwa akan ce musu masu kallon tsuntsu, wasu su ce malaman tsuntsaye. Aikinsu shi ne su dubi tsuntsu, ko daga nesa ne, ko cikin hazo, su faɗi ko wane iri ne, namiji ko mace, ɗan bana ko tsoho, su kuma kawo hujjar da wani masani a wata ƙasa zai karanta ya gamsu.

Idan ana neman inda ake wannan aiki a arewacin Najeriya, to a fara da fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma, mai faɗin hekta 58,100, shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Tun a 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya taka har Dagona don ganin tsuntsayenta. Daga Nguru zuwa teku mafi kusa ya fi kilomita 800, amma duk hunturu akwai tsuntsayen da danginsu na teku ne suna shawagi a kan wannan ruwa, tare da kirinjijiya da dinya da zalɓe da jinjimi da muka saba da su.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tabaron hangen nesa da ake ratayawa a wuya, wanda yawanci ke kusanto da abu ninki 8 ko 10. Akwai babban madubi mai ƙafa uku da ke kai ninki 60, wanda ba ya amfani a cikin kwalekwale saboda girgiza, sai an sauka a tudu. Akwai littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey, wanda ya fara fitowa a 2001, duk mai wannan aiki za ka ga nasa ya yi baƙi don shan hannu. Sai ɗan littafin rubutu da fensir, domin tawadar biro tana narkewa idan ruwa ya fantsalo. Yanzu an ƙara da waya da kyamara. Duk wannan ana iya saye a rana ɗaya in akwai kuɗi. Idon kuwa shekaru yake ci.

Najeriya na da ire-iren tsuntsaye fiye da 900, kuma almajirin wannan sana'a ba da baƙi yake farawa ba. Da 'yan gari yake farawa, ya san su ciki da waje, domin tsuntsu ɗaya yana da tufafi da yawa. Kamanninsa da damina daban, da rani daban, ɗansa daban, kuma lokacin da yake sake gashi sai ka rantse wani iri ne. Wanda bai san 'yan gari ba, ta yaya zai gane baƙo? Yawancin kurakuran da ake yi daga nan suke fitowa: mutum ya ga ɗan gari cikin rigar da bai saba gani ba, ya ɗaga murya ya ce ya ga baƙo.

Ni ma na taɓa yin haka, kuma ban manta ba. Wata safiya ce cikin watan Janairu, hazo ya sauko, muna cikin kwalekwale ni da malamina a wannan fanni da wani dattijon masunci da ke tura mu da gora. A gabanmu akwai wasu ƙananan tsuntsaye farare masu tokar baya, suna sama suna ƙasa, suna tsintar ƙwari a fuskar ruwa ba tare da sun nutse ba. Bari mu kira su tsattsewar ruwa, saboda tsinin fiffikensu da saurin juyawarsu. Iri biyu daga cikinsu kamar tagwaye suke idan hunturu ya yi. Ɗaya ita ce Chlidonias leucopterus, mai farin fiffike, wadda ke ƙyanƙyasa daga gabashin Turai zuwa tsakiyar Asiya, ta zo ta cika tafkuna da fadamun Afirka. Ɗayar ita ce Chlidonias niger, baƙa, wadda ke bin gaɓar teku ta yi hunturunta a kan ruwan gishiri na Afirka ta Yamma. Ganin ta farko a Nguru ba labari ba ne. Ganin ta biyu abu ne da za a rubuta.

Na hango ɗaya da ta fi sauran duhu, zuciyata ta buga, na ce ai ga baƙar nan. Malam bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu ya rufe littafin da na buɗe a cinyata, ya miƙo mini fensir, ya ce in rubuta abin da idona ya gani, in bar abin da littafi ya ce. Na rubuta duhun baya da baƙin kai. Ya tambaye ni gefen ƙirjinta, daidai inda fiffike ya haɗu da jiki, akwai baƙin tabo ko babu? Ban duba ba. Ya tambaye ni kututturenta, toka-toka ne kamar bayanta ko ya fi haske? Nan ma ban duba ba. Sai ya juya wajen dattijon.

"Baba, don Allah a ɗan juya mana jirgin, rana ta koma bayanmu."

"To, Malam. Amma a bi a hankali, akwai kalli a gabanmu."

Muka kewaye ragar, muka tsaya. Mun fi rabin sa'a muna jira, sanyi na ratsa mu, tsuntsuwar na zuwa tana komawa. Can ta gifta kusa, ta karkata, haske ya sauka a kanta sosai. Gefen ƙirjin fari fat, babu tabo. Kututturen ya fi bayan haske. Baƙin da ke kanta ɗan ɗigo ne a bayan ido, ba hula ce da ta rufe ƙeya ba, bakin kuma gajere. A ƙarƙashin fiffike akwai 'yan baƙaƙen gashi da suka rage daga rigar damina, alamar da ita kaɗai ke da ita. 'Yar gari ce, mai farin fiffike. Duhun da na gani inuwa ce da hazo. Malam ya rubuta ta cikin lissafin 'yan uwanta, ya ce wa Baba mu ci gaba. Kama da wane ba ta wane.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Abin da mai wannan sana'a ya rubuta shaida ce, kuma tana daɗewa fiye da shi. A 1967 wata tawagar masana daga Birtaniya ta yi zango a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, tana kama tsuntsaye masu ƙaura tana auna su, kuma har yau ana komawa ga abin da suka rubuta. Jerin tsuntsayen Najeriya da John Elgood, tsohon malami a Jami'ar Ibadan, ya wallafa a 1982, aka sabunta a 1994, daga irin waɗannan shaidu aka tattara shi. Idan ƙarya ko kuskure ya shiga irin wannan littafi, wani zai kwafa, wani ya kwafa daga wanda ya kwafa, a zana taswira a kai, a yi shekara hamsin ana neman tsuntsu a inda bai taɓa zuwa ba. Shi ya sa a Birtaniya suka kafa kwamiti tun 1959 wanda aikinsa kawai tantance rahoton baƙin tsuntsaye, a duba, a kaɗa ƙuri'a, a karɓa ko a ajiye. A yankinmu mujallar Malimbus ta ƙungiyar masana tsuntsaye ta Afirka ta Yamma ce ke buga irin waɗannan rahotanni, bayan wasu masana sun bi su da ido. Mai rahoto zai faɗi rana da sa'a, da nisan da ke tsakaninsa da tsuntsun, da inda rana take, da minti nawa ya yi yana kallo, da tsuntsun da ke kusa wanda ya gwada girma da shi. Sannan ya bi masu kama da shi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi dalilin da ya sa ba su ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a gaban alƙali zai gane wannan tsari. Mu kuma da muka tashi da ƙissar Annabi Sulaiman, Alaihis Salam, mun san ya binciki rundunar tsuntsaye har ya lura babu hudahuda, kuma da hudahuda ya zo da labari sai da aka gwada gaskiyarsa.

To me ke kawo tsuntsun teku tafkin da ke tsakiyar ƙasa? Wasu da niyya suke zuwa. Babbar tsattsewar ruwa mai jan baki kamar karas, wadda ake kira ta Kasfiyan kuma ta fi duk danginta girma, tana ƙyanƙyasa a tsibiran Tekun Baltik na Finlan da Suwidin, ta keta Turai, ta haye Bahar Rum da Sahara, ta sauka a fadamar kogin Kwara da ke tsakiyar Mali. Akwai kuma Larus fuscus, wanda za mu iya kira hankakan teku saboda farin jiki da baƙin baya da rashin zaɓen abinci. Na Finlan yakan bi ta kan tudu har Tafkin Biktoriya. Waɗannan matafiya ne da suka san hanyarsu. Wasu kuwa ɓata suke yi. Guguwa ce ke ɗebo su, kamar yadda guguwar Nora ta 1997 ta zubar da ƙananan tsuntsayen teku a Tafkin Habasu, cikin hamadar Arizona ta Amurka. Irin waɗannan abin tausayi ne. Jikinsu an yi shi ne don teku: suna shan ruwan gishiri su fitar da gishirin ta hanci, abincinsu na can, kuma babba irin albatros yana bukatar iska mai ƙarfi da fili kafin ya iya tashi. Da yawa ba sa komawa gida.

Mafi ba da wahala shi ne wanda zan kira ɗan fashin teku, dangin Stercorarius. Irinsa da ke zuwa yankinmu yana ƙyanƙyasa a ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya, ya yi hunturu a tsakiyar teku, amma jefi-jefi yakan ratso ta kan tudu ya yada zango a tafki. Halinsa ne ke fara tona shi: ba ya wahalar kamun kifi, sai ya bi wata tsuntsuwa da gudu har ta saki abin da ta kamo, ya cafe kafin ya faɗa ruwa. Ƙananan irinsa uku ne, kuma waɗanda suka girma ana rabe su da gashin tsakiyar wutsiya, na wani mai tsini, na wani dogo siriri, na wani murɗaɗɗe kamar cokali. Amma waɗanda suka fi ɓata hanya 'yan bana ne, wutsiyar ba ta fito ba, dukkansu ruwan ƙasa. A nan sai an koma ƙirga fararen jijiyoyin gashin fiffike, a duba kaurin baki da nauyin ƙirji. Gwanaye ma sukan kalli hoto ɗaya su saɓa. Wanda ya rubuta dangin kawai ya bar gurbin irin a buɗe, ba ya rasa daraja a wajen abokan aikinsa. Wanda ke rasa ta shi ne mai yawan ganin abin da babu wanda ya gani sai shi.

Hujjar da ba a jayayya da ita ita ce zobe. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Mortensen, shi ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba a ƙafa a 1899, kuma yau ƙasashe da yawa na yin haka. Zoben na ɗauke da lamba da adireshi, misali na gidan tarihi a Helsinki ko Istokholm. Da yawa daga abin da aka sani game da tafiyar mai jan baki zuwa Mali daga zobban da mutanen bakin kogi suka samu ne. A nan ne nake ganin muna asara mai yawa. Masunci yana kan ruwa tun kafin asuba, kullum, shekara da shekaru. Shi ne zai fara lura cewa yau akwai tsuntsun da bai taɓa gani ba, a ragarsa kuma mai zobe ke maƙalewa. Sau da yawa zoben na ƙarewa a cikin ruwa, ko a hannun yara, ko a ɓoye shi don tsoron kada a ce an yi laifi. Malamin tsuntsayen da ya san aikinsa ba ya shiga ruwa sai ya gaida mai gari da sarkin ruwa, ya zauna da masunta, ya nuna musu hotuna, ya tambaye su sunan da suke kiran kowanne. Abin da zai ji a zama ɗaya ya fi abin da zai gani a mako.

Ana koyon wannan aiki a gida yanzu. A Laminga, kusa da Jos, a gefen dajin Amurum, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, ƙarƙashin Jami'ar Jos. An kafa ta a 2001, kuma tana yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga nan ne aka fara aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, mai sa kai ya shiga gida ɗaya ya yi aƙalla sa'a 2 yana rubuta duk irin da ya gani ko ya ji, ya tura ta manhajar BirdLasser a wayarsa. Idan ya tura abin da ba a saba gani a wurin ba, za a dawo masa da tambaya ya kawo hujja. Samari da 'yan mata da yawa daga jihohin arewa ta wannan ƙofa suka shigo.

Sai kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a duniya duk tsakiyar watan Janairu tun 1967. Ƙirga garken da ya kai dubbai fasaha ce mai zaman kanta. Mutum zai ƙirga goma daidai, ya riƙe girman wannan dunƙule a idonsa, ya yi ta aza shi a kan garken har ya kai ɗari, sannan ya riƙa aza ɗarin. Mutum biyu ke yi, kowa da nasa, in sun gama su gwada. Duk wannan kafin shirwa ko wani mai jirgi ya tayar da su.

Abincin da ke cikin sana'ar ba mai yawa ba ne, gaskiya. Wasu ma'aikatan gandun daji ne, wasu na tare da ƙungiyar kare muhalli ta NCF, wasu na koyarwa a jami'a. Akan neme su idan za a gina madatsar ruwa ko babbar hanya don su duba abin da aikin zai shafa, ko a filin jirgin sama inda tsuntsu ke iya shiga inji, ko wajen sa ido kan murar tsuntsaye, wadda nau'inta na H5N1 ya fara ɓulla a Afirka a Jihar Kaduna a farkon 2006. Rakiyar baƙi masu zuwa kallo, wadda a da take kawo ɗan abin sawa a aljihu, ta ja baya ƙwarai saboda rashin tsaro. Gaɓar Tafkin Chadi, inda aka fi sa ran ganin baƙin teku, ta yi shekaru ba ta shiguwa ga mai tabarau da littafi. Ko a inda ake zaman lafiya, mutumin da ke leƙe-leƙe da madubi yana rubutu dole ya yi ta bayanin kansa, kuma ba na ganin laifin masu tambayarsa. Ruwan ma ya canza. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadamar ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Abin da ya hana masunci wucewa shi ne ya hana mai ƙidaya, kuma buɗaɗɗen ruwan da tsattsewar ruwa ke kiwo a kai shi ne ke raguwa.

Muna da Tiga, da Kainji, da Goronyo, da Bakolori, da Dadin Kowa, manyan ruwaye a kan hanyar matafiyan da ke haye Sahara, kuma yawancin ranakun shekara babu mai duba su da idon wannan sana'a. Na tabbata baƙi na sauka suna tashi babu wanda ya rubuta.

Saboda haka ina roƙon masunta da manoman fadama da duk mai zama kusa da ruwa. Idan ka ga tsuntsun da ba ka sani ba, ɗauki hotonsa ko da wayarka ƙarama ce, ta gefe da ta baya, in ya tashi ka ɗauki fiffiken a buɗe. Riƙe ranar da sunan wurin. Idan mai zobe ne ya faɗa ragarka da rai, kwafi lambar da duk rubutun da ke jiki, ka bar masa zobensa ka sake shi. In ya riga ya mutu, cire zoben ka adana, ka kai wa ma'aikatan gandun daji mafi kusa ko ka sa a aika wa cibiyar da ke Jos. Ba a kama kowa don ya kawo zobe, kuma lambar da ke jikinsa za ta nuna ƙasar da aka sa masa shi da ranar da aka sa.